Lambobi uku a jikin ƙarfe: yadda muka tayar da injin Marsandin Alhaji

Motar da mahaifina ya bari a gidanmu na Aboabo, a nan Kumasi, Mercedes-Benz 200 ce ƙirar 1972, irin wadda masana mota ke kira W115, amma mu tun muna yara Marsandin Alhaji muke ce mata. Da ita ya riƙa zagaya ƙauyukan da yake sayen goro, da ita aka kai yayyena mata gidajen aurensu, sannan da ƙarfinsa ya ragu aka tura ta ƙarƙashin rumfar kwano, inda ta shekara 17 ba wanda ya murɗa mata makulli. Da aka zo rabon gado babu wanda ya yi jayayya da ni a kanta, domin kowa yana ganin ɗawainiya ce kawai na ɗaukar wa kaina.

Niyyata ta farko ba ta wuce in ga injin ya tashi ba. Abin da ya sauya mini tunani shi ne wani ɗan kati da Mma ta ciro daga akwatin ƙarfen da Alhaji ke ajiye takardunsa, a naɗe cikin littafin sabis na motar. A wancan zamanin kamfanin yana haɗa kowace mota da irin wannan kati, wanda ke ɗauke da lambar gangar jiki da lambar inji da ta giyabos da lambar fenti, kuma wanda nasa ya ɓata yana iya neman kwafi daga sashen tsofaffin motoci na kamfanin a Jamus idan ya nuna shaidar mallaka. Namu ya nuna cewa motar ta bar masana'anta a watan Yuni na 1972. Lambar gangar jikin ta fara da 115.015, wato samfurin 200 mai amfani da fetur, sai 20 ta biyo baya. Lamba 2 tana nufin sitiyari a dama, sifiri kuma yana nufin giyar hannu. Da sitiyarin a hagu yake da 10 za a gani. Wannan ya dace da tarihin ƙasarmu, domin lokacin da motar ta sauka a tashar Tema ana tuƙi ne a hannun hagu kamar Ingila, sai ranar Lahadi 4 ga Agusta 1974, a zamanin Acheampong, Ghana ta koma hannun dama. Mutane da yawa sun mayar da sitiyarinsu hagu bayan haka. Alhaji bai taɓa yarda an taɓa nasa ba.

Muka ɗaure ta da igiya muka ja ta zuwa Magazin da ke Suame, wurin wani dattijon fita, wato makaniki, da ya ƙware a tsofaffin Benz, wanda tun yana yaron shago ya san motar. Ba sai na bayyana wa ɗan Kumasi mece ce Magazin ba, amma ga wanda bai taɓa zuwa ba, gari ne guda na makanikai da masu walda da masu injin yankan ƙarfe da 'yan kayan gyara, kuma sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa, wadda a kusa da ita masu sana'ar suka fara taruwa. Masta ya sa sifana a kan karanshaf ya gwada juyawa, inji ya ƙi motsi, sai ya ce mini: "Ɗan Alhaji, kada ka wahalar da aljihunka. Akwai homyus na irin wannan injin a layin baya, mu sauke wannan mu ɗora wancan, cikin mako guda kana kan titi." Homyus shi ne kayan da aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka shigo da shi. Shawararsa ba ta son zuciya ba ce. Injin M115 ya ci gaba da fitowa a samfurin W123, wanda ya gaji W115, har zuwa 1980, saboda haka samunsa ba wuya, kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da na kashe daga baya ba.

Na roƙe shi mu duba lambar injin tukuna. A gefen bulok, kusa da inda kan inji ke zama, akwai wani ɗan fili da aka goge aka buga lambar a kai, amma baƙin mai da ƙurar shekaru sun rufe shi har ya zama kamar kwalta. Yaron shago ya ɗauko sanfefa zai goge, Masta ya riƙe masa hannu, domin bugun ba shi da zurfi kuma sanfefa tana cin gefen lamba har 8 ta koma kamar 3. Da kananzir da burushin tagulla muka wanke wurin, aka shafa alli aka share da tafin hannu yadda farin zai zauna a cikin ramukan kawai, sannan aka haska tocila daga gefe. Lambar ta fito ɗaya bayan ɗaya: 115.923, sai 20, sai lambobi shida na jeri, kuma duka sun yi daidai da na katin. Injin da aka haɗa a masana'antar kamfanin ta Untertürkheim aka ɗora wa wannan motar a ta Sindelfingen, duka a Jamus, shi ne a gabanmu, bayan shekara fiye da 50 da hanyoyin Ahafo da na arewa. Muka je muka duba na layin bayan, sai ga shi 115.938 ne mai 10 a tsakiya, wato na W123 mai sitiyari a hagu. Daga ranar Masta bai sake kawo maganar sauyi ba.

Batun kwanan wata ya shigo ne ta hannun ɗan kawuna da ke aiki a wani gareji a Hamburg. Da na aika masa hoton lambar injin, sai ya tambaye ni ko na duba ranakun da ke jikin kayan wuta, ya kuma yi mini bayanin da ya ɗauke ni kwana biyu kafin ya zauna mini. Kusan duk abin da ke ba wannan injin wuta na kamfanin Bosch ne, kuma kowane yana da lambobi iri biyu. Akwai doguwa mai lamba goma wadda ke faɗin ko mene ne kayan: ta sitata tana farawa da 0 001, ta altaneta da 0 120, ta distiributa da 0 231, ta kwayil da 0 221. Wannan kowane mai shago ya san ta, da ita ake ciniki. Sannan akwai gajera mai lamba uku da aka buga ita kaɗai a wani gefe, wadda na lura kusan babu mai kula da ita a kasuwa, alhali ita ce ke faɗin wata da shekarar da aka ƙera kayan. Lambar farko ita ce ƙarshen shekara, biyun baya kuma wata ne, sai dai ana ƙara wa watan wani adadi gwargwadon zangon shekara goma da ake ciki. Daga 1964 zuwa 1969 ba a ƙara komai, Janairu 01 ne, Disamba 12. A shekarun 1970 ana ƙara 20, watanni su kama daga 21 zuwa 32. A shekarun 1980 ana ƙara 40, a shekarun 1990 kuma 60. Saboda haka 225 Mayun 1972 ne, 245 Mayun 1982, 265 kuma Mayun 1992, kuma lamba guda ta tsakiya ce ta raba kayan da za su iya zama sa'o'in motar da waɗanda suka zo bayanta da shekara 10 ko 20.

Ƙa'idar dacewar kuwa hankali ne zalla. Kayan da aka ɗaura wa mota a masana'anta dole an ƙera su kafin a haɗa ta, kuma ba da nisa ba, domin sai an yi su a wani gari, an loda, an kai, sun ɗan jira a ma'ajiya, abin da kan ɗauki makonni ko 'yan watanni. Ga motar da ta fito a Yunin 1972, abin da na sa wa kaina shi ne daga 222 zuwa 226, wato Fabrairu zuwa Yuni. Duk abin da ya wuce 226, ko da wata ɗaya ne, ba zai yiwu ya fito tare da ita ba, kamar yadda ɗa ba ya halartar ɗaurin auren iyayensa.

Na sayi littafi mai bango mai kauri, muka kwance komai muka jera a kan kwali, ina rubuta sunan kowane abu da lambarsa doguwa da gajera da inda aka same ta. Distiributa ta ba mu 224, Afrilun 1972, kuma na daɗe ina juya ta a hannuna, domin ita ce shaida ta farko cewa lissafin yana aiki. Ƙaramin akwatin da ke daidaita caji, wanda ke ɗaure a jikin bango cikin bonet, ya ba mu 225, sai dai wayoyinsa a yanke suke an naɗe su da tef. Kwayil ba ta Bosch ba ce sam. Sitata kuwa haɗin gambiza ce: gangar jikinta ta 1978, solonayid ɗinta na 1991, abin da ke nuna ta sha shiga hannun masu naɗin waya, waɗanda aikinsu shi ne su haɗa mai rai daga matattu uku. Altaneta ta nuna 347.

A nan na koyi bambanta rubutu iri biyu a jikin ƙarfe, kuma ina ganin duk mai wannan aiki ya kamata ya fara da shi. Akwai rubutun da ya taso sama, wanda aka zuba shi tare da narkakken ƙarfen tun a maƙera, akwai kuma wanda aka buga da guduma ko inji ya nutse ciki. Na farko yana faɗin lokacin da aka zuba ƙarfen da lambar samfurinsa, na biyu yana faɗin lokacin da aka gama haɗa kayan, don haka na zubi ba ya zuwa bayan na bugu. A jikin wasu sassan alminiyam mun ga da'ira mai shekara a tsakiya da alamun watanni a kewaye, kamar fuskar agogo. Na zubi yana da wuyar ƙirƙira, na bugu kuwa duk mai saitin lambobin ƙarfe da guduma yana iya yin sa.

Neman sitata mai ranar da ta dace da motar ya cinye mini kusan wata biyar. Kowace Asabar bayan sallar asuba nakan shiga Magazin da tocila da alli da tsumma a aljihu, in bi shagunan da ke tara tsofaffin kayan Benz, in roƙi a bar ni in tona tarin da ke bayan kanta. Da farko masu shago sun ɗauka ina neman aibin da zan rage farashi ne, daga baya suka saba, har wasu suka riƙa ware mini abin da suka ga ya tsufa. A mako na shida na samu wata mai lambar kaya daidai, na shafa alli a cikin duhun shago na karanta 225, na biya ba tare da na taya ba. Da na kai wa Masta muka wanke ta da kananzir a hasken rana, sai ƙafar lambar tsakiya ta bayyana, ashe 4 ce tsatsa ta cinye mata gefe, wato 245, Mayun 1982. Mai shagon bai yaudare ni ba, domin shi bai ma san abin da nake karantawa ba. Tun daga ranar ban sake biyan kuɗi ba sai na fito da kaya waje na wanke, na kuma ɗora takarda na goga fensir a kai, domin zanen fensir yakan nuna abin da ido ya tsallake.

Na je Accra sau biyu, kasuwar Abossey Okai. A tafiya ta farko na ga sitata mai kyau ƙwarai, amma lambarta ta fara da 0 986, wadda Bosch ke bai wa kayan da aka mayar masana'anta aka sabunta, don haka ranar da ke jikinta ta sabuntawa ce. A tafiya ta biyu na samu mai 229, Satumban 1972, wata uku bayan motar ta bar Jamus. Na tsaya a bakin shagon ina lissafi da yatsu ko akwai hanyar da za ta shiga, na ga babu, na mayar. A nan ne wani mutum da ke zaune kusa, wanda ya ji duk abin da ake yi, ya ja ni gefe ya ce aikin minti goma ne: a goge wurin, a buga mini duk lambar da nake so, a shafa gishiri da ruwan batir a bar shi kwana uku, ko Bajamushe ba zai gane ba. Ya faɗa ne da niyyar taimako, kuma ba zan ɓoye cewa na yi shiru na ɗan lokaci ba, domin na gaji da yawo. Amma amfanin lambar gaba ɗaya shi ne ita shaida ce da ba ta san za a kira ta ba. Idan na saya mata baki, distiributar da ke da gaskiyar 224 ita ma ta shiga zargi, kuma duk wanda motar ta koma hannunsa bayana, ɗana ne ko baƙo, na yi masa ƙarya da ƙarfe. Na yi masa godiya na kama hanyar tasha.

Sitatar da muke nema ashe tana Kumasi. Wani direban tirela da ke sallah a masallacinmu ya ce ya ga gawar irin motata a bayan wani gida a Old Tafo, ciyawa ta fito ta cikinta. Injinta ya fashe tun da daɗewa, amma sitatar tana ɗaure, kuma da muka kwance ta muka wanke sai ga 223 a gangar jiki, solonayid ɗin ma na watan. Cikinta ya mutu, sai mai naɗin waya ya sake mata gawayi da bushi ya gyara naɗin, na kuma tsaya a kansa don kada ya musanya gangar da wata, domin a wurinsa duk ɗaya ne.

Altaneta ce ta jawo muhawara a gida. Lambar 347 tana nufin Yulin 1983, kuma da na faɗa wa Kawu, ƙanin mahaifina, sai ya ajiye carbinsa ya ce: "Ɗana, ni na ɗauko ta daga Lome a cikin buhu." Ya tuna mini cewa 1983 ita ce shekarar fari da gobarar daji, shekarar da aka koro 'yan Ghana kusan miliyan guda daga Najeriya, lokacin da kantuna suka bushe har fulogi sai an sha wuya. Motar ta yi watanni a ajiye saboda rashin caji, sai da ya ƙetara iyaka ya samo wannan. Sabuwar tana da abin daidaita caji a cikinta, shi ya sa aka yanke wayoyin tsohon akwatin aka bar shi a bango ba aiki. Ra'ayin Kawu shi ne kada a taɓa ta, tunda Alhaji da kansa ya ɗaura ta kuma har yanzu tana caji. Na ga ƙarfin maganarsa, na kuma kwana biyu ina juya ta. Abin da ya rinjaye ni shi ne akwatin nan mai 225, wanda ya zauna shekara 40 a wurinsa yana jiran a mayar masa da wayoyinsa. Ɗan kawuna ya samo altaneta mai amfiya 35 mai lamba 224 a wurin masu tsofaffin kaya a can, ya aiko da ita ta hannun wani mai dawowa gida, muka mayar da wayarin yadda yake tun asali. Ta Lome kuwa an wanke ta an sa mata sabon boris, tana cikin but a naɗe da buhu, domin Alhaji bai taɓa fita doguwar tafiya ba tare da kayan canji ba. Kawu bai ce ya yarda ba, amma ya daina tayar da maganar.

Aikin cikin injin bai ba mu wahalar tunani ba. An jiƙa fistin da mai har suka saki, aka faɗaɗa silinda daga milimita 87 zuwa 87.5 aka sa sababbin fistin da ringi, aka goge karanshaf, aka sa sabuwar sarƙar taimin. Kan injin alminiyam ne, kuma ruwan famfo zalla da aka riƙa zuba wa lagireto shekara da shekaru ya ci hanyoyin ruwansa, amma mai walda ya cike ramukan aka share fuskar kaɗan, muka tsira da na asali. Kafiretar Stromberg ta samu sabuwar roba. Duk abin da ke lalacewa da shekaru, roba da tiyo da bel da gasket da fulogi da kwandensa, sabo na saya, kuma ban ga hikimar neman tsohon tiyon fetur don kwanan watansa ya dace ba, tunda iyalina za su shiga motar.

Ranar da za a tayar da shi, wata Alhamis bayan la'asar, Kawu ya zo da kansa a tasi duk da ciwon gwiwarsa. Masta ya cire fulogi ya juya injin da sitata har allurar mai ta motsa, ya mayar da su, ya ɗiga fetur a kafireta, ya ce: "Ɗan Alhaji, bismillah." A murɗawa ta uku ya kama, ya yi tari, hayaƙi ya cika shagon, sannan ya daidaita. Jar fitilar caji ta mutu a kan allo, wato tsohon akwatin ya karɓi aikinsa. Masta ya ɗora dogon sukundireba a kan murfin bawul ya kara kunnensa a ƙotar, ya daɗe yana saurare kafin ya ɗaga kai ya ce a bar shi ya yi zafi.

Kwayil ɗin da ke kai yanzu sabuwar Bosch ce, kuma haka na rubuta a littafin, da ranar da na saye ta da wurin. A shafin da ke fuskantarta na ja layi na bar gurbi. Masu shago uku a Magazin suna da takarda mai ɗauke da 222 zuwa 226 da lambar wayata a manne a bangon kantarsu, kuma Asabar mai zuwa akwai wani tari a bayan wani shago kusa da masu lagireto da aka ce ba a taɓa shi ba tun rasuwar mai shi, ɗansa ya yarda in zo da safe kafin ya buɗe.